Surukina Yana Farautar Mai Riƙe Masa Saƙonni

Gwaggo, ki taimake ni kafin Litinin ta zo. Ina aiki a gidan talabijin, a shirin safe da masu kallo ke turo saƙo. Ni ke zaune a wani ɗan ɗaki bayan gilashi ina tace saƙonnin kafin su isa ga mai gabatarwa. In cire zagi, in cire talla, in cire masu gaida unguwa guda.

Damuwata ita ce Baba, mahaifin mijina, tsohon malamin makaranta da muke gida ɗaya. Kullum sai ya turo, wata rana har sau uku. Yau ya gyara wa mai gabatarwa nahawu, gobe ya ce hularsa ta karkace. Wata biyar ke nan ban saki ko ɗaya ba. Shi kuwa a zatonsa a sashen labarai nake. Da yamma in na kai masa shayi sai ya fara, wai akwai wani malalacin jahili a wajen aikinmu da ya zauna a kan saƙonninsa. Ni kuma in ce Allah ya shirye shi, Baba. Mijina ya san komai, tashi yake ya fita kada dariya ta kuɓuce masa.

To yanzu ya sa an goge masa kaya, wai ranar Litinin in raka shi wurin shugabanmu ya kai ƙarar mutumin. Ina ƙaunar tsohon nan, shi ya riƙe min yara lokacin da nake karatu. In na saki saƙonsa na ɓata da mai gabatarwa, in na faɗi gaskiya da wane ido zan dube shi?

Mai zama bayan gilashi

'Yata, wata biyar kina roƙa wa kanki shiriya, ina fatan an amsa.

Kin yi daidai da kika riƙe maganar hula, aikinki ke nan. Amma ban yarda a ce duk wata biyar babu jimla ɗaya mai amfani ba. Ina zargin da kin hango lambarsa kike gogewa, kuma bai kamata a yi wa kowane mai kallo haka ba, balle Baba.

Ki same shi yau, mijinki na zaune, tunda ya sha dariyarsa sai ya taya ki ɗaukar faɗan. Ki nemi gafara, mai yiwuwa ya gyara miki jimlar kafin ya yafe. Sannan ki faɗa masa ƙa'idar shirin: layi biyu, a kan batun ranar, ba a taɓa mutuncin kowa. Malami ne, ya san ƙa'ida. A wajen aiki kuma ki sanar da shugabanki cewa surukinki ne, a ba abokin aikinki duba saƙonninsa, ki cire hannunki.

Zai yi fushi, amma fushin falo kwana biyu ne, na gaban shugaba kuwa ba ya mantuwa. Allah ya ba ki bakin magana, ya sanyaya zuciyar Baba.

Gwaggonku