Yadda Muka Zaɓi Hular Baballe a Ɗakin Sanyin Nama

Briketeri, Yawunde
9 ga Disamba, 1979

Zuwa ga ɗana Baballe,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kunnuwanka duka biyu. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Innarka ta yi sauƙi, har kasuwar Mokolo take zuwa da kanta. Ƙanwarka Ma'u ta zo ta biyu a makarantarsu ta koyon ɗinki da saƙa, yanzu ko gishiri za ta ce a miƙo mata sai da Faransanci. Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san bokon ubanka na yaƙi da jahilci ne, wata takwas na yi a Zariya malamin ya bar garin, har yau ba a tabbatar ko ni na kore shi ba.

Takardarka ta iso mako uku da suka wuce. Da na kai wurin da ka ce sanyin garin Lil ya kama maka kunnen hagu har ya kumbura, ka yi kwana tara ba ka shiga aji ba, kuma in abin ya ci gaba za ka bar bursu, wato tallafin karatun da aka ba ka, ka dawo gida kafin jarrabawa, Innarka ta ajiye muciya ta shige ɗaki. Ni na yi ta maza na ce ai kunne ba ya kashe mutum, amma ranar hula uku na ɓata a shago. Shekara goma sha biyar muna tura ka makaranta, Baballe, ba za a ce iska ce ta dawo mana da kai ba. Washegari Innarka ta tafi Mokolo ta sayo zaren ulu dunƙule shida, launin toka mai duhu, mai kauri kamar igiyar guga, ta dire shi a tabarma ta ce hula za a saƙa maka. Mijinyawa ɗan limaminmu zai tafi kos ɗin ƙaro ilimi a Faransa ranar Asabar mai zuwa, ya ce zai kai maka hannu da hannu.

To, zare ya samu, mai kaiwa ya samu, sai rigima ta tashi a kan wace irin hula. Innarka ta ce ita ta saƙa wa rabin jariran Briketeri hula, ba wanda ya taɓa yin mura a cikinta, saboda haka waccan za ta yi, mai rufe kunne da igiya a ƙarƙashin haɓa, ta ƙara mata girma kawai. Ma'u ta aro mujallar saƙa wurin malamarsu da ke zaune Site Bert, ta nuna mana hoton wani Bature yana dariya cikin ƙanƙara da hula mai tuntu kamar ƙwallo, ta ce wannan ce model ɗin bana, in ka sa wata dabam za a ce daga ƙauye ka fito. Ni kuwa na ce musu shekara talatin da biyu ina ɗinkin hula, alhazai daga Garwa suke aiko mini, ba za a yi hula a gidana a bi ta bayana ba. Hular namiji tsaye take a ka kamar kube, goshi a waje, kunne a waje, mutum ya ji gaisuwa ya amsa. Kwana biyu muna wannan. Sai a rana ta uku na lura da abin da ya kamata mu lura tun farko: mu ukun nan ba wanda ya taɓa ganin sanyin da muke gardama a kansa. Sanyin da Ma'u ta sani shi ne na ruwan randa.

Ka tuna Haman, Bafillacen nan na Nkomkana mai ɗauko nama daga Etudi? Yanzu yana aiki a shagon wani Bature ɗan Girka a cikin gari, kuma suna da ɗaki guda sukutum da yake firigo, wato ɗakin sanyi, inda suke rataye naman shanu. Na same shi bayan sallar la'asar na ce ina so ya rufe ni a ciki. Ya dube ni ya tambaya ko mun yi faɗa da Innarka Hajara ne. Da na yi masa bayani ya yi dariya har ya riƙe ciki, amma ya ce in zo da safe kafin maigidansa ya fito. Na sa Innarka da Ma'u suka saƙa hulunan uku a gurguje, a kan a warware wadda ta faɗi. Awo bai ba mu wahala ba, tunda kaina ka gado, wannan tulun da ba ya shiga hular kasuwa.

Ranar Alhamis na shiga, da babbar riga biyu da bargon Innarka. Baballe, na nemi gafararka a kan cewa da na yi kunne ba ya kashe mutum. Da tawa na fara, don in gama da su da wuri. Kafin Haman ya ƙirga minti biyar a agogonsa kunnuwana suka fara zafi kamar an ɗora musu garwashi, daga nan na daina jin su sam, sai da na taɓa na tabbatar suna nan. Hular alhazan Garwa ta faɗi warwas. Ta Ma'u ta rufe rabin kunne, amma duk na motsa sai ta zame sama ta tattare a tsakiyar kai, ƙeya a buɗe, ga tuntun yana bugun cinyar saniya. Ta Innarka kuwa, gaskiya ɗaya ce, ɗumi kamar an rungume ni. Sai dai da Haman ya buɗe ƙofa ya gan ni, dattijo da furfura da igiya a haɓa, zama ya yi a ƙasa yana share hawaye, ya ce saura a goya ni. Na san halinka. Kai da ka ƙi sa wando saboda an yi masa faci a gwiwa, wannan hular a ƙarƙashin katifa za ta ƙare, kunnen kuma ya ci gaba da kumburi.

Ina tsaye tsakanin shanu biyu, haƙorana suna kaɗawa, sai Allah Ya tuno mini da mai sunanka, mahaifina. Lokacin da nake yaro yana kai gishiri da jakuna wuraren haƙar kuza a Jos, inda ruwa yake kwana ya daskare a ƙwarya, kuma hular da yake sawa haɓar kada ce, mai leɓatu biyu da suke saukowa su rufe kunne har muƙamuƙi, in rana ta yi a naɗe su sama. Ni da nake taƙama da sana'a na manta da ita, don yanzu ba mai nema sai maharba da tsofaffi. Na fito ko gaisuwa ban tsaya yi ba, na je shago na yanka fasalinta a takardar buhun siminti. Ma'u ta ƙirga idon saƙa da Faransanci, Innarka ta warware ukun nan ta kama aiki, ta ninka zaren biyu a wajen kunne, ta kuma saukar da bayan ya rufe ƙeya, wannan dabararta ce ba tawa ba, ta ce in rubuta maka haka. Ma'u ta so a ɗora tuntu, muka yi mata taron dangi.

Ranar Talata na koma. Rabin awa cur na yi a ciki. Hancina ya mutu, yatsun ƙafata suka mutu, amma kunnuwana suna zaune lafiya kamar suna zaure a Briketeri, har ina jin gumi a ƙeya. Ina cikin haka maigidan ya zo da wuri, ya buɗe ƙofa ya tarar da ni a kan kujera. Haman ya rikice yana ta bayani, ni kuwa na miƙe na gaishe shi da bonju, Faransancina guda ɗaya. Baturen ya cire hular daga kaina, ya jujjuya ta, ya sa a nasa, ya shiga ciki ya fito, sannan ya ce wa Haman a tambaye ni a wane kanti na saya, don shi ma kunnensa yana damunsa. Na ce a gaya masa kantin yana Briketeri, mai kantin sunanta Hajara, kuma ba ta karɓar aiki sai ta sallami ɗalibinta na Faransa. Innarka ta ce ba ruwanta da Bature, amma tun ranar duk wadda ta shigo gidan sai ta ji labarin.

Hular tana cikin jakar Mijinyawa. An wanke ta sau biyu an turara ta, in ka ji ɗan ƙanshin nama kada ka zargi kowa. Baballe, littattafan da kake karantawa ko sunansu ba na iya faɗa, ba abin da zan iya taimaka maka da shi a ciki. Kunne dai na iya, kuma na gwada da nawa kafin in aiko. Ka sa ta, ka sauke leɓatun, ka shiga aji. Maganar dawowa a bar ta sai ka riƙo takardarka a hannu.

Innarka tana gaishe ka, ta ce kada ka wanke ta da ruwan zafi. Ma'u tana gaishe ka, da gwaggonka Larai, da kawunka Ɗanjuma da iyalinsa, da Haman. Ka gaishe da ɗan'uwanka Abdulrahman in ka je Faris. Allah Ya tsare, Ya ba da sa'a, Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka, mai fama da mura kwana biyar ke nan ba tare da nadama ba,

Na'Allah Mai Hula