Godiyar da Na Zana Kafin Lokacinta

Liguriya, Italiya, Yuni 1891

Zuwa ga Palmira, sanyin idona, gishirin rayuwata, furen lemun da ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki, ke da na fi so fiye da hasken safiya a kan teku, kin kuwa san irin haukan da nake yi a kan wannan hasken.

Yau kwana goma sha biyu ke nan tagarki a rufe. Na yi ta safa da marwa a ƙarƙashinta har karnukan layinku sun daina yi mini haushi. In zauna, in miƙe, in ɗauki buroshi, in yi jifa da shi. Na haɗa launi ya bushe ban taɓa shi ba. Wai ni Attilio, da nake kafewa a kan dutse tun hantsi har yamma ina jiran igiyar ruwa guda ta karye yadda nake so, yau na kasa zaman shan kofi ɗaya! Me kika yi mini, Palmira? A'a, me na yi wa kaina?

Kin tuna ranar da kika fara tsayawa a bayana a bakin gaɓa? Kwandon kifi a ƙugunki, iska na wasa da ɗankwalinki, kika daɗe kina kallon zanena, sannan kika ce tekun nan nawa ya cika ladabi, da gani mai shi bai taɓa amai a jirgi ba. Matan da ke ɗinkin koma suka kwashe da dariya. Na yi kwana uku ina cika ina batsewa, a na huɗu na kankare zanen duka, don gaskiya kika faɗa. Tun daga ranar ban sake zana ruwa ba sai na tambayi kaina abin da bakin nan naki zai ce. Ina sonki, ina son har tsiwarki.

Na san laifina, ba sai an karanta mini ba. Tun kaka da kakanni, sai jirgi ya dawo, matuƙi ya taka ƙasa da ƙafarsa, sannan ya zo wurin irina a zana masa guguwar da ya tsira daga cikinta, a sa Uwa Maryamu a kusurwa cikin gajimare, a rataye a cocin kan tudu don godiya. Na zana irinsu sun fi arba'in. Amma da jirgin yayanki Prospero ya ƙara kwana tara bai dawo daga kamun kifi a tsibirin Gorgona ba, na ga kin daina cin abinci, idanunki sun faɗa, sai zuciya ta ɗebe ni. Na zana jirgin yana hawa igiyar ruwa mai tsawon gida, na rubuta sunan Prospero da na abokan aikinsa uku, na sa kalmar godiya a ƙasa. Na kawo miki fentin bai ko bushe ba, ina washe baki kamar wawa. Mahaifiyarki ta ɗora hannu a ka, ta ce na yi wa Allah shisshigi, wa ya taɓa godiya tun ba a ba shi ba? Ke kuwa ko murya ba ki ɗaga ba. Kika ce, "Attilio, ka rufe masa hanya." Garin neman gira na rasa ido.

Fada Fortunato ya ce fenti ba ya nutsar da jirgi, amma shi ma bai yarda ya rataye shi ba. Tsoho Gerolamo kuma, duk sanda na wuce, sai ya ce in na yi wa Allah in kau da ido daga kwalekwalensa, yana da jikoki. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Shirunki ne ya tsaya mini a wuya.

To, ga abin da nake ta kewaye-kewaye don kada in rubuta. Jiya da safe, bayan iskar kudu ta lafa, na sauka gaɓar da ke bayan dutse, na tsinci katako tsawon hannuna. Shuɗi ne, kuma rabin jiragen ƙasar nan shuɗi ne, kowa ya gani zai wuce abinsa. Amma wannan shuɗin ni na haɗa shi. A watan Maris Prospero ya same ni, ya ce in dai ƙanwarsa nake so, in yi abu mai amfani da hannun nan ko sau ɗaya. Na dama masa fentin jirginsa, na sa ɗan kore, na ɗiga ja, har ya yi mini tsiya wai bai ga bambancinsa da na kowa ba. Ni na gani. Na kai katakon rana, na kai shi inuwa, na kankare shi da wuƙa, ina roƙon idona ya yi mini ƙarya. Wayyo, bai yi ba!

Murhuna na nan, Palmira, sau biyu na buɗe shi. In na ƙone katakon, ba mai sani har abada, kina ta sa rai, wataƙila wata rana ki huce ki buɗe mini taga. In na kawo shi, na zama wanda ya rufe hanya kuma ya kawo shaida. Wace mace ce za ta sake duban fuskar irin wannan mutumin? Ina tsoro, tsoron rasa ki ya fi ƙarfina. Amma yayanki ne, ba ni da ikon sace miki labarinsa don in saye murmushinki. Katako ba gawa ba ne, jirgi kan fashe mutane su tsira, sai dai ba zan ƙara yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba.

Gobe bayan addu'ar safe zan zo ƙofarku da shi naɗe a cikin rigata. Ki fito ke kaɗai tukuna, mu san yadda za a gaya wa Mama. Ki zage ni, ki mare ni, ki ce kada in ƙara taka layinku, zan tsaya in karɓa. Abu ɗaya nake roƙo: lokacin da za ki duba katakon, ki bari ina kusa, don kada ki ɗauki nauyin labarin ke kaɗai.

Naki ne ni, ko kin yafe ko ba ki yafe ba, har ranar da za a rufe idanun nan da suka gane shuɗin.

Attilio