Alkawarina da Hussaini

Litinin, 6 ga Nuwamba

Mun sauka Alkahira. Ƙafafuna sun kumbura a jirgi har takalmi ya ƙi shiga. Najiba, autata, da mijinta Mannir su suka shirya tafiyar, wai in ga dalar Masar da na yi ta zana wa yara a allo a firamaren Maska. Ban ce ina so ba. Na baro aminina Hussaini a kwance ba lafiya, abin da ke raina ke nan. Tun rasuwar Kulu, matata, muka yi alkawari ni da shi a ƙofar makabarta: wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa wanka. Mu biyu muka rage a sa'anninmu.

Shi ya koro ni. Wai, "Je ka, Hedimasta, ka gano ko ƙarya ka yi ta koya wa 'ya'yanmu."

Talata, 7 ga Nuwamba

Dala. Babba ce, ban musa ba. Ashe ba sumul take ba kamar yadda nake zana ta, duwatsu ne hawa-hawa, wasu sun kusa tsayina. Rana, masu raƙuma suna jan hannun riga, ɗan jagora yana ta zuba. Na nemi dutse na zauna na ce a kira mini gida. Mannir ya yi ta ɗaga waya sama kafin ta shiga.

Muryar Hussaini ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "To, ta kai dutsen Funtuwa?" Na ce ko kusa. Ya yi dariya sai tari ya sarƙe shi. Mairo 'yarsa ta karɓi wayar, ta ce kunu kaɗai yake iya sha.

Najiba ta ce in tsaya a yi hoto. Na tsaya. Ta ce in yi murmushi.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Na ce a canja mini tikiti. An ce babu wuri sai Lahadi. Ban yarda ba, amma me zan yi.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Gidan tarihi, ɗakin da suka ajiye gawarwakin sarakunansu na dā. Ba wanda ya faɗa mini ainihin mutanen ne. Da na shiga na ga fuska, da gashi, da farce, sai bakina ya yi sallamar da ake yi wa mazauna kabari, da ƙarfi kuma. Wasu Turawa suka juyo. Najiba ta ce, "Baba, don Allah." To me ake cewa idan an shiga kan matattu?

An naɗe su tsaf, ba a yi ganda ba. Duk wanda ya yi aikin nan ya san darajar wanda yake yi wa. Amma ga su a kwance cikin gilashi, baƙi na wucewa suna leƙe. Jiri ya ɗebe ni. Mannir ne ya tare ni, ya fito da ni kusan a ɗauke, ya zaunar da ni, ya durƙusa ya sassauta mini takalmi. Tun da ya auri 'yata ban taɓa barin ya taɓa ko butata ba. Suruki ne. Ban dube shi ba, shi ma bai ɗago ba.

A mota Najiba ta sake tayar da zancen in koma wurinsu Kaduna. Na ce mata a Kaduna wa ya san ni? In na faɗi can, kafin la'asar an kai ni cikin baƙi.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Masallacin Azhar. Na yi wa Hussaini addu'a, na ƙara. Wayar Mairo ba ta shiga. Su Najiba sun tafi kallon kogin Nilu, na ce ƙafata. Na yi ta kai da kawo tsakanin gado da taga. Can gida yanzu ana yankan dawa.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hussaini ya cika da hantsi jiya. An kai shi bayan an sauko Juma'a. Watau lokacin da nake Azhar ina roƙa masa lafiya, yana kan makara.

Na tambayi Mairo wa ya yi wankan. Ta ce na'ibin liman da wani yaron unguwa. Na ce an kama masa hannun dama a hankali? Tun da ya karye a garmar shanu ba ya miƙewa sosai, ni na sani. Ta ce ba ta sani ba, Baba, mata ba sa shiga. Ta ce ranar Alhamis ya ce a gaya mini kada in yi gaggawar dawowa, wai rago ne ni, dama ba zan iya juya shi ba.

Najiba ta kawo shayi. Ya huce a nan.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Filin jirgi. Sun sa ni a keken guragu, ban yi gardama ba. Najiba ta tafi wajen kaya, aka bar ni da Mannir. Sai na ji kaina ina tambayarsa ko ya taɓa yi wa mamaci wanka. Ya sunkuyar da kai ya ce a'a, Baba, ko kusa bai taɓa zuwa ba. Na ce ba wuya, sai natsuwa, da ruwa mai ɗumi, da sanin inda mutum yake da ciwo. Ya ce to, Baba.

Zan je Maska in yi gaisuwa tukuna. Daga nan in leƙo Kaduna in nuna wa Mannir yadda ake wankan. 'Yan kwanaki ne kawai. Ni nawa ciwon a gwiwar hagu yake, sai ya lura.