Zaren da Ya Mutu Shiru

Ya Fanna,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Baba da mutanen Bolori? Ni lafiya lau a Indiya, illa ba halin dawowa.

Manhajar kwamfutar da nake rubutawa tana ayyuka huɗu lokaci guda, zare muke kiran kowanne. Jiya ɗaya ya mutu, ashe ban ba shi hanyar sanarwa ba. Sauran suka tsaya cik suna jiransa. Malaminmu ya ce ko zare ya faɗi, dole ya aiko da dalili.

Wata biyu ke nan da yanke muku layin waya. Ta hannun wani aboki a gida na aiko wasiƙar nan. Ki ba direban da ya kawo miki ita amsa. Ko mummunan labari ne, rubuto min. Kada ki tausaya min da shiru.

Ƙaninki,
Sa'id