Hanyar da Ka Zana Daga Kan Kujera

Sorin,

Na tarar kana minshari, ban so in katse wa masanin duwatsun Apuseni barci ba.

Jiya kana can wurin biki, Jamusawa ukun da ka ba taswirar "hanyar tsakuwa mai sauƙi" suka dawo a amalanken tsoho Gheorghe, su da kekunansu a kan ciyawa. Gadar da ka ce su bi, shekara uku ke nan da ruwa ya tafi da ita. Suka tsallake rafin da kekuna a kafaɗa, karnukan makiyaya suka yi musu maraba.

Matar da ke cikinsu ta ce mini, "Ƙanenki ya taɓa bin hanyar nan kuwa?" Na ce, "Sosai, da yatsa, a waya."

Na tafi kasuwa da cuku. Baƙi shida na zuwa Asabar. Ka hau kekenka ka bi hanyar da kanka yau, kafin ka kashe mana masaukin da Baba ya bari.

Tuwon masara na tukunya. Ka ci kaɗan, hawan da tsayi, kuma tumbin nan naka ma kaya ne.

Yayarka,
Ilinca