A Bar Mana Tsohuwar Ƙofar Ganuwa

Zuwa ga mai girma shugaban aikin sabuwar hanyar mota da ake shimfiɗawa daga Birnin Kebbi zuwa Argungu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da tambayar lafiyarka da ta iyali da gajiyar aiki, ina neman izini in gabatar da kaina. Sunana Garba, tela ne ni, keken ɗinkina yana bakin kasuwar Birnin Kebbi. Ban taɓa rubuta wa babban mutum takarda ba. Bokon ma bara waccan na koye shi a ajin manya, don haka in ka ga magana ta karkace a yi mini afuwa. Sau biyu na je ofishinka, masinja ya ce kana rangadi. Shi ya sa na miƙa wa masu jarida wannan takarda, tun da maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Ranka shi daɗe, kuka na kawo, amma zan fara da abin daɗi, domin in ban gaya maka abin da idona ya gani ba, ba za ka gane abin da nake kuka a kansa ba.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, sunansa Bawa. Ya bar garin nan yana saurayi, lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba, ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja neman goro, ya zauna Kumasi sama da shekara arba'in. Mu dai labarinsa muke ji. Watan jiya sai ga shi ya sauka daga lori da farin gemu da sanda da akwatin ƙarfe guda. Da ya gama karɓar masu sannu da zuwa, sai ya same ni a rumfa ya ce, "Garba, rufe keken ga. Kwana uku nika so ka ba ni. Ban zo zaman zaure ba, garinmu nika son gani."

Na rufe keke ba da son raina ba, ina tunanin me ke garin nan da ban sani ba, ni da aka haifa a cikinsa. Ashe ban san komai ba.

Ranar Litinin muka shiga tsohon gari da ƙafa. Ya kai ni wani tsohon masallaci da nake wucewa kullum ban taɓa ɗaga kai ba. Ya ce in dubi sama. Sai na ga bakan gizo na gini guda shida sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an kafa tasar tagulla daidai inda suka haɗu, azarar rufin kuwa jere take kamar haƙoran mataji. Ya ɗora hannuna a bango, na ji sawun yatsun maginan da suka shafe shi, har yau suna nan. Daga nan muka bi ta marina, ya gane rijiyar da babansa yake rini a cikinta, wani jikan abokinsa ne ke aiki a kanta yanzu. Da la'asar muka hau tudun Dukku. Tsoho ne, amma ni ne nake haki. Da muka kai sama na waiwaya, sai na ga fadama duka a shimfiɗe, shinkafa ta nuna ta yi jajir, ruwa yana ratsa ta yana ƙyalli, jiragen masunta sun zama ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, suka tashi garke guda har suka tare mana rana. Gauraka biyu suka sauka kusa da mu suna tsalle suna buɗe fukafukai. Na tsaya baki sake. Shekara talatin da biyar ina zaune tafiyar sa'a guda daga wurin nan ban taɓa hawa ba.

Ranar Talata muka hau lori zuwa Argungu, kuma a nan dole in yaba maka. Tafiyar da Kawu ya ce da jakuna sai an kwana a hanya, mu kafin azahar mun isa, har da tsayawa Ambursa shan fura da kallon masu yankan shinkafa. Duk inda aikinka ya kai, mota gudu take ba gargada. Kawu har cewa ya yi a sa wa wanda ya yi hanyar nan albarka.

A Argungu wani dattijo mai tsaron tsohuwar fada ya yarda muka shiga zauren farko. Kaurin bangon ya kai tsawon mutum a kwance, waje rana tana ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar bakin randa. Ya nuna mana tsofaffin ganguna da masu da garkuwar fata da ta taurare kamar katako. Sannan muka gangara gulbi. Wani masunci, Malam Hantsi, da ya ji Kawu daga Kumasi yake, ya ce sai ya zaga da mu a jirginsa. Muka ratsa cikin bado da ciyawar burgu, giginyu a jere a bakin gaɓa, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya bai ko kula mu ba. A gabanmu wani mutum da ke kwance a kan gora ya nutsa da homarsa ta kamun kifi, muka yi ta jira har na fara jin tsoro, sai ga shi ya taso rungume da giwan ruwa da ya kusa kai shi tsawo. Kawu ya miƙe tsaye a cikin jirgi yana dariya har muka kusa kifewa. Muka kwana gidan Malam Hantsi, muka ci gasasshen kifi da tuwon shinkafa, da safe muka juyo gida.

Ranar Laraba da yamma Kawu ya ce saura wuri ɗaya, shi ya aje na ƙarshe da gangan. Tsohuwar ƙofar ganuwa ce, wadda ke fuskantar fadama. Ta nan ayarinsu ya fita. A nan mahaifiyarsa, wato kakata, ta tsaya ƙarƙashin tsamiya ta sa masa albarka, kuma bai sake ganinta ba. Muna tafe yana kwatanta mini tsawon ganuwar, da tsamiyoyi bakwai da ke jere a gindinta, da yadda in ka hau kanta kake hango gulbi.

Ga abin da muka tarar, kuma ga kukana.

Na ɗaya, leburorinka suna sarar ganuwa da diga, suna kwasar ƙasarta a kwanon sarki suna zubawa a lori, ana kaiwa cikon hanya inda za a sa kwalbati. Na auna da ƙafata, daga inda suka fara zuwa inda suka tsaya taki ɗari da sittin ne, duk ya zama fili. Taki ashirin ya rage su kai ƙofar kanta.

Na biyu, cikin tsamiyoyi bakwai an sare huɗu don lori ya sami wurin juyawa. Kututturansu suna nan, kowa na iya zuwa ya ƙirga. A inuwarsu matan da ke ɗauko shinkafa daga fadama suke sauke kaya su huta. Yanzu a rana suke tsayawa.

Na uku shi ne ya fi ƙona mini rai. Kawu ya matsa wurin shugaban leburorin, wanda suke kira heluma, ya yi masa sallama, ya tambaye shi cikin ladabi wa ya ba da izinin wannan aiki. Heluma bai amsa sallamar ba. Ya ce, "Tsoho, tarin ƙasa ne, ba shi da mai shi. Kauce mana, aikin gwamnati muke yi." Kawu ya ce, "Ɗana, wanga tarin ƙasa kakanninmu sunka ɗauko shi bisa kai, kwando kwando, don ni da kai mu samu garin da za a haife mu." Heluma ya dubi yadin Kumasi da ke kafaɗarsa ya ce baƙo ba ya koya wa 'yan gari tarihi, ya kama sandarsa ya ture ta gefe, har tsohon ya yi tangaɗi na tare shi. A gaban mutane aka yi haka, a inda mahaifiyarsa ta sallame shi. Na yi niyyar abin da ba zan rubuta ba, Kawu ya riƙe mini hannu. Muka koma gida, bai ko taɓa tuwon da aka aje masa ba.

Na ɗauka shi ke nan, zai haɗa akwatinsa ya koma. Washegari bayan sallar asuba sai na ga ya ɗauki buzu da buta da carbi ya fita. Na bi shi. Ya je tsakiyar ƙofar nan ya shimfiɗa buzunsa ya zauna. Da leburori suka zo, yawancinsu 'ya'yan unguwannin nan ne, sai suka durƙusa suka gaishe shi, kuma ba wanda ya yarda ya ɗaga diga kusa da dattijo. Heluma ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, daga baya ya janye su can gaba.

Yau kwana goma ke nan yana zuwa, kuma abin da ya biyo baya ni kaina ya ba ni mamaki. Ranar farko shi kaɗai ne sai ni. Rana ta biyu wasu tsofaffi biyu daga marina suka zo da tabarmarsu, ɗaya ma ashe tare suka yi wasan ƙasa. Masu ɗauko shinkafa suka riƙa sauke kaya suna saurare. Kawu yana ba da labarin yadda ake rufe ƙofar da magariba, wani tsoho ya gyara masa, wani ya ƙara abin da ya ji wurin kakarsa, su yi ta musu a kan ko ƙyauren na ƙirya ne ko na maɗaci. Wata tsohuwa, Inna Kulu, ta nuna mana ramin da ƙafar ƙyauren take juyawa a ciki, muka share ƙasa sai ga shi a cikin dutse, sumul. Jiya Juma'a bayan an sauko masallaci mutane suka cika wurin, mai fura ta sayar da ƙwaryarta kaf. Malam Hantsi ya zo kasuwa daga Argungu, ya ji labari, ya ƙaraso. Muka kama hannun tsofaffi muka hau abin da ya rage na ganuwar, kuma gaskiyar Kawu ne, ana hango gulbi. Akwai waɗanda suka tsufa a garin nan da ranar suka fara hawa. Yanzu duk wanda ya zo rumfata aunin riga, sai na tambaye shi ko ya taɓa hawa Dukku, har abokan sana'a sun fara yi mini ba'a wai na bar ɗinki na koma jagoran baƙi.

Amma jiya heluma ya ce zai kai maka ƙara cewa wani tsoho ya tara mutane ya hana aikin gwamnati, kuma ranar Litinin mai zuwa zai zo da 'yan doka a ɗauke shi, a gama da ƙofar. Abin da ya sa na yi gaggawar rubutu ke nan. Kawu bai zagi kowa ba, bai taɓa kayan aikin kowa ba, bai kira kowa ba. Zama kawai ya yi. Shekarunsa sun haura sittin, kuma na san halinsa yanzu, ba zai tashi da ƙafarsa ba.

Ba hanya muke ƙi ba, ranka shi daɗe. Mun hau ta, mun ji daɗinta, muna so ta ƙarasa. Roƙona shi ne ka ba da umarni a dakatar da ɗibar ƙasar ganuwa, a bar ƙofar da tsamiyoyi ukun da suka rage. Ƙasar ciko ba ta ƙare ba. Akwai tudun marmara gabas da gari, ba gona ba gida a kansa, magina sun ce ta fi ƙasar ganuwa riƙe hanya, kuma a shirye nake in rufe keke in kai mutanenka har wurin. Ina kuma roƙo kada a turo 'yan doka kan dattijo. Game da heluma, ba korarsa nake nema ba, shi ma iyali gare shi. A dai sa shi ya zo ya amsa sallamar da aka yi masa, ya ba tsoho haƙuri a gaban waɗanda suka ga abin da ya yi.

Roƙona na ƙarshe shi ne ka zo da kanka kafin Litinin. Ka bar motarka bakin kasuwa, mu taka da ƙafa, ba nisa. Ka zo da la'asar sakaliya, lokacin da tsuntsaye ke komowa fadama, ka hau saman ganuwar ka duba yamma. In ka sauko ka ce tarin ƙasa ne, ni da hannuna zan naɗe buzun Kawu in kai shi gida. Shi ma na gaya masa haka. Ya ce ya yarda, don bai taɓa ganin wanda ya hau ya sauko da wannan magana ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama wannan aiki lafiya, ya tsare duk wanda zai bi hanyar, ya raya maka zuriya, ya sa su ma su tarar da abin da iyayensu suka bari.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Garba Tela, bakin kasuwa, Birnin Kebbi.

Wassalam.