Littattafan Nurten

Litinin, 2 ga Oktoba 2023
Satina biyu a Sivas, ƙasar Turkiyya. Sai na shekara ina koyon Turkanci kafin su bar ni in shiga ajin jinya. Na samu ɗaki a gidan wata tsohuwa, Sabahat, ita kaɗai take zaune. Na durƙusa na gaishe ta yadda nake gai da Inna a Roni, sai ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta daɗe tana kallona. Ban gane abin da ta ce ba.

Asabar, 14 ga Oktoba
Ƙuliƙulin da na taho da shi ya ƙare. A aji kuma harshena ya ƙi juyawa, kalma ɗaya malam ya sa na maimaita sau bakwai. Sabahat ta tarar da ni ina kuka, ta buɗe akwati ta fito da tsofaffin littattafan makaranta. Na 'yarta ne, Nurten. Kullum bayan la'asar Sabahat za ta karanta in bi ta. Na tambayi inda Nurten take, taga kawai ta nuna min.

Lahadi, 5 ga Nuwamba
Ƙanƙara ta fara sauka. Ta ba ni wata koriyar rigar sanyi. Kamar an gwada ni aka ɗinka.

Laraba, 22 ga Nuwamba
Malam ya ce bakina ya buɗe da wuri, amma ina faɗin wasu kalmomin da aka daɗe da dainawa. Wai wa ke koya min?
Da yamma na je sayen burodi. Na tarar mai shagon ya juya baya, na yi masa gaisuwar da Sabahat ta koya min. Tiren hannunsa ya suɓuce. Da ya juyo ya ga fuskata sai ya nemi kujera ya zauna. Har na fita bai sake kallona ba.

Juma'a, 8 ga Disamba
Maƙwabciyarmu ta tare ni a matakala. Duk abin da ta faɗa na gane, da ma ban gane ba. Nurten ma jinya take karantawa. Ta fita makaranta wata safiya, shekara talatin ke nan, ba ta dawo ba. Koriyar rigar nan da ke jikina kaɗai aka tsinta a bakin kogi.
"Ki cire ta, 'yata," in ji ta.
Na cire na rataye. Da safe sanyi ya sa na mayar.

Talata, 19 ga Disamba
Na kira gida. Yaya Sama'ilu ya kai gyaɗa kasuwar Kazaure, Inna ce ta ɗauka. Ta ce, "Zaituna, ke ce kuwa? Muryar kamar ba taki ba." Ina ba ta labarin girkin nan, na zo faɗin abin da ake kaɗa miya da shi, sunan ya ɓace min ɓat. Sai da na kashe wayar ya dawo. Maburgi. Maburgi.

Asabar, 13 ga Janairu 2024
Littafin Nurten na ƙarshe, wanda take rubutu a ciki, rabinsa babu komai. Sabahat ta miƙo min biro, ta ce in ɗora daga inda aka tsaya. Na cika shafi biyu. Yanzu da na duba, na daɗe ina neman inda rubutun Nurten ya ƙare nawa ya fara.

Lahadi, 4 ga Fabrairu
Inna ta kira da hantsi. Tana ba ni labarin sunan da aka yi a Gwiwa, sai Sabahat ta yi kira daga kicin: "Nurten." A hankali, yadda ake kiran wanda aka san yana kusa.
Na amsa.
Inna ta ce da wa nake magana, na ce ba kowa, zan sake kira. Shayi kawai Sabahat take so in ɗora. Ai ladabi ne, babba ta yi kira.
Ban kira Innar ba tukuna. Gobe, in Allah ya kai mu.